Ba-Hula Ta Kai Inno Maiyama

Aliero, Jihar Kebbi.

Zuwa ga Yayana Jibrin, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce mai yawa daga ƙaninka Khalil, tare da addu'ar Allah ya sa wagga takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Salma da yara. Allah ya buɗa muku kasuwa, ya tsare ku a ƙasar mutane, amin. Mu nan gida lafiya lau muke. Damina ta yi kyau ƙwarai, an fara yankan gero, irin albasar da muka zuba a fadama kuma ya tsiro shar. Maiɗakina Hidaya ta warke daga zazzaɓin nan, ɗiyarmu Mufida ta koma makaranta. Baffa Ɗalha yana nan a teburin namansa a Jega Magaji, bakin nan nasa bai ragu ba ko kaɗan. Na ba Anas direban tirela takardar ya kawo maka hannu da hannu, don na san halinka a waya, mutum bai gama sallama ba ka ce kana da masu ciniki. Yau dai sai ka nemi wuri ka zauna ka ji ni har ƙarshe.

Yaya, Ba-Hula ta tashi! Wallahi ta tashi, ta hau kwalta da ƙafafunta. Motar Baba nake nufi, marar rufin nan da yaran unguwa suka laƙaba wa suna tun muna ƙanana, wadda ka ce mini a waya in kira 'yan gwangwan su auna ta su kwashe, wai ta zama gidan kaji. Ban kira su ba, kuma kada ka ɓata rai sai ka ji dalili.

Ka san mahaifiyarmu Inno da mota. Da an rufe ƙofa ta shaƙi warin mai, sai jiri, sai amai, har ta galabaita. Tun da aka haife mu, motar da ta taɓa shiga ta fito da ƙafarta ita ce ta Baba, saboda iska na dukanta ta ko'ina. To, cikin bazarar nan aka aiko daga Maiyama cewa yayarta, Yakumbo Gudiya, idanunta sun rufe gaba ɗaya, ƙafa ma ta ƙi, kuma kullum maganarta ɗaya ce, a kawo mata ƙanwarta ta shafa fuskarta tun tana da rai. Mun haɗa su a waya, Yakumbo ta ce ita ba ta gaisawa da ƙarfe. Muka gwada motar haya, ko Jega ba mu kai ba sai da muka sauke Inno a bakin hanya tana kakari. Muka gwada keke mai ƙafa uku, jijjiga ta tayar mata da ciwon baya, ta yi kwanaki a kwance. Babur kuwa ba a ma maganarsa a shekarunta. Daga nan ta daina zancen, amma sai in shigo in tarar ta zauna ta fuskanci kudu ta yi tagumi. Abin ya tsaya mini a rai, don na tabbata idan Yakumbo ta tafi ba su gana ba, Inno ba za ta ƙara zama daidai ba.

Shi ya sa wata safiya na zagaya bayan gida na yaye tamfol ɗin da muka lulluɓe motar da shi tun rasuwar Baba. Kai, Yaya, abin ba kyan gani! Ashe ruwan damina yana shiga ta ƙasa ya rasa hanyar fita, tamfol ya riƙe gumi, tsatsa ta ci ƙasan wajen ƙafar direba har kana hango ƙasa. Tayoyi sun zauna, rufin yadin nan da ake naɗewa baya ya yi funfuna ya manne wa juna, ina taɓawa yana yagewa. Kaza kuma, gaskiyarka ce, na same ta kan ƙwai a kujerar baya. Na je Jega na ɗauko Mubarak bakanike, abokinka na firamare. Ya buɗe gaba ya leƙa, ya juya injin da hannu, ya ce injin bai kama ba, tsohuwa dai ta gaji da zama ne. Muka ɗaura mata igiya, akori-kura ta ja ta har garejinsa, mutanen Aliero na tsaye bakin titi suna mana dariya, wani har yana tambaya ko gidan tarihi za mu kai ta.

Mubarak ya yi aiki, Allah ya saka masa. Ya sauke tankin mai ya wanke, ya kwance kafireta ya goge, ya canza filogi da baƙin mai da duk robobin lagireto, ya sake birki gaba da baya. Mai walda ya yanke inda tsatsa ta ci ya ɗora sabon ƙarfe, aka shafe ƙasan da baƙin fenti mai kauri. Ranar da aka sa sabon batir aka murɗa makulli, ta yi tari, ta yi tari, sai ta ɗauka. Ni da na ce ba zan yi kuka gaban mutane ba, sai ga hawaye, don ƙarar nan ce sak da muke ji mu ruga buɗe ƙyaure.

To a nan Baffa Ɗalha ya shigo cikin maganar. Da ya ji motar wansa ta tashi, ya bar teburin nama ya taho gareji da gudu, ya zagaya ta yana shafawa yana yi wa Baba addu'a. Sai ya taɓa kujeru ya ji fatar ta bushe ta tsattsage. Ya ce shi da aka haifa cikin fata ba zai zura ido fata na kukan ƙishirwa ba, maganinta man shanu ne, haka suke yi wa buzu da kube tun kakanni. Na ce Baffa a bari mu tambayi Mubarak, ya ce Mubarak ƙarfe ya sani, ina ruwansa da fata. Ka san ba a ja da Baffa. Da muka dawo da mota gida, ya zo da ƙwarya guda ta man shanu daga rugar Sabiyal, ya tuɓe riga, ya mulke kujerun nan gaba da baya. Da ya ga man ya rage, ya haɗa shi da kitse, ya bi gaɓoɓin ƙarfen rufin ya cusa musu wai don su daina ƙara. Gaskiya ranar kujeru sun yi sheƙi, ni kaina na yaba, Baffa ya tafi yana cewa a gaya wa Turawan da suka ƙera ta su zo su koyi aiki.

Ba a yi mako ba muka ga sakamako. Rana ta dafa man nan ya yi wani irin ɗoyi, ɓerayen unguwa kaf suka yi gayya. Suka huda kujerar gaba suka zaƙulo soso, suka bi kitse har suka gwaguye wayoyi, tururuwa kuma ta yi layi tun daga taya. Abin da ya fi ƙona mini rai, na riƙo hannun Inno don ta ga motar, tun kafin ta ƙarasa warin ya buge ta, ta toshe hanci da mayafi ta juya, ta ce in wagga ce motar, a bar ta ta mutu a Aliero. A satin kuma aka bugo daga Maiyama cewa Yakumbo ta rage cin abinci. Wallahi na ji kamar in zauna ƙasa in yi ihu. Baffa da ya zo ya gani, sai ya ce ai ɓerayen Aliero ne ba su da tarbiyya. Amma shi da kansa ya cire kujerun ya ɗora a amalanke, ya kai wa mai ɗinkin kushin a Jega, ya tsaya a kansa har aka sake soso aka ja sabuwar fata.

Mu kuma muka wanke cikinta da ruwan zafi da sabulu, muka bar ta a buɗe tana shan iska har warin ya fita. Imran mai wayarin ya sake wayoyin da aka ci. Aka kankare kitsen Baffa aka sa giris na gaskiya. Rufi kuwa sabo aka ɗinka, da yadi mai kauri ruɓi biyu, mai ruwan ƙasa don kada ya kwashi zafi, aka sake robobin bakin gilashi don kada ruwa ya tsiyaya. Sai maganar inda za a ajiye ta, don na rantse ba ta ƙara komawa ƙarƙashin tamfol. Hidaya ce ta ce mini, cikin tsokana, in na iya hana albasa ruɓewa wata da watanni, mota ce za ta gagare ni? Ai kuwa na yi mata rudu irin na albasa, sai dai babba: daɓe mai tudu don ruwa ya gangare, jinka a sama don inuwa, gefe da gefe kara mai tazara don iska ta ratsa. Na yi shi nesa da rumbun hatsi saboda ɓeraye, nesa da albasa saboda hancin Inno, na kuma samo kyanwa. Yanzu doka ce a gidan nan: ba a naɗe rufi yana jiƙe, ba a cin komai a cikinta, kashin tsuntsu ba ya kwana a jikin fenti, kuma ina tayar da ita lokaci lokaci ko ba za a je ko'ina ba.

Na ɗan yi mata ƙari kuma, kada ka ce na cika son gwaninta. An sa sababbin shokozoba masu laushi saboda bayan Inno, an sa bel a kujeru, an canza fitilu zuwa masu haske, har wurin cajin waya Imran ya maƙala mata. Abu ɗaya ne aka hana ni. Ham ɗinta na nan da muryarsa ta dā, kamar bunsuru mai mura, ni kuma na riga na zaɓo wani sabo mai daɗin amo. Ina gwada tsohon a tsakar gida Inno ta leƙo daga ɗaki, ta ce duk abin da na ga dama in canza, amma in na taɓa wannan ba ta yafe ba. Na mayar wa mai shago kayansa ina gunaguni.

Ranar tafiya muka fita da hantsi, rufi a naɗe. Inno ta ci ado da atamfar da ka aiko mata, ta zauna gaba, Hidaya ta ɗaura mata bel tana mita wai an ɗaure ta kamar akuya. Baffa ya hakimce a baya da ƙullin kilishi a cinyarsa, na ce masa kada ya kuskura ya kwance. Ina tuƙi ina satar kallon Inno. Muka wuce daidai inda muka sauke ta a motar haya, ba jiri ba amai. Muka shiga Jega, masu babur suka biyo mu suna tafi, mahauta suka fito suna ɗaga wa Baffa hannu, shi kuma yana amsawa kai ka ce shi ya ƙera ta. Muka haye gada, iska ta ɗebe mayafin Inno ta cafke shi tana dariya. Yaya, rabon da in ji dariyar Inno irin wannan tun Baba na da rai. Ta shiga nuna mini gonaki tana faɗin masu su, har ta ce in ƙara wuta, wai Barau, Baba ke nan, bai taɓa tafiyar hawainiya haka ba. Da rana ta ɗaga na tsaya na ja rufi rabi don inuwa, ya tafi sumul ba ko ƙara.

Da muka shiga Maiyama muka karya kwanar gidan Yakumbo, sai Inno ta dafa hannuna ta ce in danna ham yadda Baba ke yi, gajere sannan dogo. Na danna. Ba mu gaya wa Yakumbo ranar zuwanmu ba, don gudun kada mota ta ba mu kunya. Amma jikarta Ummukulsum ta ba mu labari daga baya cewa tsohuwar tana kwance, ta ƙi kunu tun safe, tana jin ƙarar nan ta yunƙura ta zauna da kanta, ta ce a shimfiɗa tabarma, Barau ya kawo mata ƙanwarta. Aka tuna mata Barau ya rasu. Ta ce ta sani, amma ai ga shi ya cika alkawari, don shi ya ce mata muddin motar nan na numfashi ba za ta yi kewar Inno ba. Muna shiga ta miƙo hannuwa, ta bi fuskar Inno da yatsu tun daga goshi har haɓa, ta ce ƙanwarta ta tsufa. Inno ta ce ai gara ita. Suka rungume juna suna kuka suna dariya, Baffa ya fita waje wai hayaƙi ya shiga idonsa. Ranar Yakumbo ta shanye kununta har ta nemi ƙari.

Ka gaishe mini da Yaya Salma, da Shafa'atu da ƙannenta, da duk mutanenmu na zango. Hidaya da Mufida suna gaishe ku, Mubarak da Imran ma haka. Baffa ya ce in gaya maka har gobe yana nan kan bakansa, man shanu bai yi laifi ba.

Saura saƙon Inno, kuma ta ce in rubuta shi yadda ta faɗa. Da yamma ta yi na ce mu koma, sai ta ce ba inda za ta. Tana Maiyama yanzu haka wajen yayarta. Ta ce ni na kai ta, na yi nawa, amma tana da ɗa babba da rabonta da shi tun zaman makokin ubansa, kuma ba za ta taka Aliero ba sai ranar da ta ji ham ɗin nan a ƙofar gida ta leƙo ta ga kai ne a sitiyari. Ka san Inno in ta kafe. Mota na cikin rudunta, tanki a cike, makulli kuma na rataye shi a ƙusar da Baba ke rataye shi. Ni ba zan ƙara taɓa shi don zuwa Maiyama ba.

Wassalam, ni ne ƙaninka mai jiran ganinka,
Khalil Barau Aliero.