Tsawar da Na Yi wa Malam Ilu

Laraba da dare, watan Yuni

Barci ya ƙi zuwa. Ni da bakina na ce wa ma'aikatan gininmu na unguwar Mando duk wanda ya ga matsala ya tsayar da aiki, ko lebura ne. Yau za mu zuba kankaren bene, Malam Ilu kafinta ya ce, "Injiniya, a dakata, katakon nan ba zai ɗauka ba." Na daka masa tsawa a gaban kowa. Da na leƙa ƙasa, ashe uku daga cikin sandunan da suka tokare katakon sun tsage. Mun canza su.

Da za a tashi na tambaya ko da sauran matsala, kowa ya sunkuyar da kai. Gobe za mu zuba ɗaya ɓangaren benen, kuma ban san abin da suka gani suka ji tsoron faɗa mini ba.