Kujerar da Na Ba Direba

Talata, da dare

Da sassafe na share rumfar ƙungiyarmu ta manoman Ba'awa, na aro kujera ɗaya a gidan Liman, don yau jami'in gona zai zo ya duba ko za a ba mu irin masara.

Su biyu suka shigo, ɗaya fari ɗaya baƙi, ban ga wanda ya tuƙo motar ba. Na yi sauri na miƙa wa farin, mai dogon hanci, kujerar, har da "ranka ya daɗe". Baƙin kuwa na nuna masa benci. Ashe farin shi ne direba, baƙin shi ne jami'in.

Jami'in ya yi murmushi ya ce, "Bar shi, Malam Sakatare, ba kai ka fara ba." A bencin ya gama aikinsa, ya tafi bai ce mana e ko a'a ba.

Wa ya koya mini wannan? Ni da na fi shi baƙi, ni ɗan mahauci da aka saba zaunarwa a bakin ƙofa. Ko tunani ban yi ba, hannuna kawai ya ɗauki kujerar.

Gobe:
- Mayar da kujerar Liman.
- Ƙarasa rubuta sunayen manoma.
- Kiran jami'in. Ban sani ba ko zancen iri zan fara yi masa, ko haƙuri zan fara ba shi.