Gilashin Fiddausi Kafin Ruwan Fari

Hayin Banki, Kaduna

Zuwa ga ƙanena Muhammadu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Sa'adatu da yara, Ya kuma sauƙaƙa muku zafin Jidda. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar maigidana Malam ta yi sauƙi har yana zuwa masallaci ba sanda, Delu kuma ta yaye ɗanta.

Maganar 'yarka Fiddausi ce ta sa na ɗauki alƙalami, zuciyata fal da murna. Malaminta na jami'a ya amince da aikin da za ta kammala karatu da shi, wato ɗaukar hoton ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, a inda suke maƙale da ciyayi cikin ruwa ta wajen Rafin Guza. Makaranta ta ba ta aron kyamara da gidanta mai hana ruwa shiga. Saura gilashin da ke kusanto da ƙaramin abu, wanda ka ce kai za ka saya, kuma mafi ƙarfi da ke shagon. Allah Ya saka maka da alheri. Sai dai, don Allah, ka dakata ka ji.

Markus, mai ɗaukar hoto a bakin layinmu, ya aro mana irin gilasan guda biyu wurin wani abokinsa, mai ƙarfi da matsakaici, muka gwada a bahon wanki da dodon koɗin da ta kawo. Da na ga za a tsoma kayan mutane a ruwa hankalina ya tashi, na naɗe gilashin da leda na ɗaure da roba. Fiddausi ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ai shi wannan sai ruwa ya shiga tsakaninsa da kyamara yake aiki, har ma sai an kwance shi a cikin ruwan an fitar da kumfar iska an mayar. Markus ya ce in da a hannuna aka bar kifi, da tuni na saya masa lema.

Muhammadu, abin da na gani! Halittar da ba ta kai ƙwayar masara ba, sai ga ta ta cika fuskar kyamara, da 'yan ƙahonninta biyu suna lalube, da idanu kamar ɗigon tawada a gindinsu. Ban san lokacin da na yi ta subhanallahi ba, har tuwona ya kama. Amma da matsakaicin muka ga haka. Mai ƙarfin kuwa sai an kai shi dab da abu, kuma ko numfashi ta ja hoton ya dushe. Wannan a baho ke nan, ina ga rafi mai gudu? Kowa ya daka ta baɗo ya daka ta kada, gara wanda hannunta zai iya. Saboda haka matsakaicin take so, mai lamba shida.

Sai maganar zoben da ke haɗa su, wanda suke kira adafta. Faɗin bakin gidan kyamararta milimita hamsin da biyu ne, gilashin kuma sittin da bakwai, kamar tukunya da marfin da ba nata ba. Na sa ta maimaita mini lambobin, na kuma duba da idona a jikin ƙarfen, don kada in sa ka asara. Ta ce in da hali ka samo mai ɗagawa da saukewa kamar marfin buta, domin za ta sa safar roba doguwa saboda cutar, kuma in tana murɗa gilashi da safa zai iya suɓuce mata ya nutse. Ka sa mai shago ya haɗa su a gabanka, ka ga sun zauna daram.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne lokaci. Yanzu ruwan garau yake, amma da ruwan fari ya sauka zai koma kamar kunun kanwa, aikinta ya tsaya sai baɗi, 'yan ajinsu su fita su bar ta. Alhaji Sambo maƙwabcinmu yana can Umara, ta Jidda zai taso, kuma na roƙi iyalinsa sun gaya masa. Ka ba shi hannu da hannu, kada ka jira masu aiken kaya. Jiya da la'asar na ga hadari ya ɗan leƙo ta gabas. Ni da kullum nake addu'ar damina, sai na ji kunyar roƙon a jinkirta ta, na ce dai Allah Ya zaɓa mana abin da ya fi alheri.

Ka gaida Sa'adatu da Aminu da Mardiyya. Malam da Delu suna gaishe ku. Fiddausi ta ce tana buƙatar mai riƙe mata fitila a bakin ruwa, Malam ya yarda in bi ta, har na gwada takalmin roba ya yi mini daidai. In ka ga hoton farko ya yi duhu, kada ka zargi gilashinka, hannun yayarka ne ke rawa.

Wassalam,
Yayarka,
Harira