Motar da Ta Koma Wayam

Argungu, 12 ga Agusta, 1984

Yaya Dikko,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiyar aiki?

Ran da na buga maka waya daga gidan waya ban gaya maka gaskiyar jikin Inno ba. Ka tambaye ni tambayoyinka na asibiti: tana numfashi daidai, tana zubar da jini, tana magana? Na ce da sauƙi, don haka tac ce in ce. Ka san ta, ko kunama ta harbe ta ba ta kai kuka gare ka kai ɗanta na fari, kunya ba ta barin ta. Kai ko ka yarda, ka ce mu je ɗakin shan magani na unguwa.

To, ƙafafunta sun kumbura, zaune take kwana. Da ta ji ƙugin mota bakin kasuwa sai ta gyara kallabi.

Ƙanwarka,
Balaraba

Birnin Kebbi, 17 ga Agusta

Balaraba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta same ni, kuma ta hana ni sukuni.

Motar ɗaukar marasa lafiya guda ce gare mu, ni ke zaɓen inda za ta. Mai jini da mai naƙuda su ne gaba, sannan mai sarƙewar numfashi. Mai sauƙi a ba shi ƙwaya gida. Ranar da kika kira, wata mai naƙuda na tura wa motar. Yanzu Inno ta shiga sahun gaba. Hodi direba zai zo Talata ya kai ta Sakkwato. Ni ba halin in bar bakin waya.

Wallahi ina kewarta. Tun ƙaramar salla rabona da miyar kifinta, ko faɗan da takan yi wa bango alhali da ni take, shi ma ina marmari.

Ki gaishe ta da jiki.

Yayanki,
Dikko

Argungu, 21 ga Agusta

Yaya,

Ina gaisuwa. Hodi ya zo. Inno ta dafa kafaɗata har zaure, ta leƙa gaban mota, ta leƙa baya, sannan tac ce ya koma da ita, akwai waɗanda sunka fi ta buƙata. Hodi ya yi magiya har ya gaji.

Da munka koma ɗaki na ce, "Inno, mi ya sa?" Ta daɗe tana haki. Tac ce, "Gaya ma wancan na Birnin Kebbi, ni ba direba na haifa ba."

Motar haya na tasowa daga tasharku kullum da hantsi. Numfashin Inno ya fi na jiya muni.

Allah ya sada mu da alheri.

Balaraba