Mutumin da Aka Yanke Daga Hoto

Watari, ranar Litinin

Zuwa ga ɗan'uwana Uwais,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya zaman Bacirawa, ya hayaniyar birni? Nan kowa lafiya. Inna Kaltume ta ce in faɗa maka ta ga saƙon sabulu, amma ɗanta take son gani, ba sabulu ba.

Na rubuto a takarda ne don na san halinka, in na yi maka bayani a waya kafin ka kashe ka manta. Sama'ilu direba zai miƙa maka.

Shafin ƙungiyarmu ta manoman rani ya hau intanet. Tunda kai ne kake yawon nema mana masu sayen tumatir da albasa a Kano, gara ka iya gyara shi da kanka. Kada ka ji tsoro. Manhajar da na gina shi da ita tana raba allon kwamfuta biyu. A hagu za ka ga shafin yadda baƙo zai gan shi, a dama kuma rubutun kod ne, wanda na sha wahalar koyonsa. Kai ba ruwanka da dama. Abin da kake son canzawa a hagu, danna shi. In farashi ne ka goge ka rubuta sabo, in hoto ne ka ja shi ka ajiye inda kake so, ita manhajar za ta rubuta kod ɗin da kanta. In ka gama ka danna maɓallin wallafawa. Kalmar sirrin tana bayan takardar nan.

Ka duba abin da na sa a shafin farko. Hoton nan ne da malamin gona ya ɗauki babanka, marigayi Malam Kassimu, da babana Buwai a bakin kanal, shekarar da suka bi gona gona suna sasanta rabon ruwa har aka kafa ƙungiya. A akwatin Baba na samo shi, gara ta ɗan ci gefensa. Na rubuta tarihinsu a ƙasa. Ban nuna masa ba tukuna, ina so sai cikin mutane.

Za a yi zaɓen shugaban ƙungiya bayan an kwashe albasa. Yayana Shago yana son tsayawa, kuma Baba ya sa masa albarka.

Ka huta lafiya.
Naka, Levi Buwai

*

Bacirawa, Kano

Levi mutumina,

Bayan gaisuwa. Kai, wannan abu kamar wasan yara! Na shiga shagon kwamfuta na nan bakin titi, na canza farashin kwandon tumatir, na duba a wayata na gan shi ya canza. Sai da mai shagon ya tambaye ni me ya faru, don ihu na yi. Ashe duk kurin da kake mana na cewa kai injiniya ne, jan hoto ne kawai? Wasa nake, Allah ya ƙara basira.

Hoton Baba ya sa ni hawaye. Ban san akwai shi ba.

Akwai wani babban dillali a kasuwar 'Yankaba, Alhaji Abdulrashid, da nake son kamawa. In ya yarda da mu, mun huta da zubar da tumatir a bakin hanya. Zan ɗan taɓa shafin nan da can don ya yi kyan gani. Ka gaida Baba Buwai da ƙanwarka Loveth. Ka ce wa Inna ina nan tafe.

Naka har kullum, Uwais

*

Watari, ranar Lahadi

Uwais,

Ina gaishe ka. Na kira ka ba ka ɗauka ba, shi ya sa.

Yau bayan an tashi daga sujada, dattawa suna zaune a gindin darbejiyar coci, na ce, "Baba, zo ka ga kanka a intanet." Har Fasto ya matso. Na buɗe shafin na miƙa masa wayar ban ko duba ba. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Ga Kassimu nan. Ni ina nake?"

Na karɓa na duba. An yanke hoton. Malam Kassimu ne shi kaɗai a bakin kanal. Abin da ya rage na Baba shi ne yatsunsa a kan kafaɗar babanka, don mai yankan bai lura da su ba. A tarihin ma, inda na rubuta "suka kafa" an mayar da shi "ya kafa". Sunan Baba babu. Nawa sunan da ke can ƙasa a matsayin wanda ya gina shafin, shi ma babu.

Wani dattijo ya ce wai wayar ce ƙarama, ba ta iya ɗaukar mutum biyu. Aka yi dariya, Baba ma ya yi. Da muka koma gida, tuwonsa na rana haka Loveth ta ɗauke shi yadda ta ajiye.

Mu biyu ne muke da kalmar sirrin nan. Na zauna ina nema maka uzuri. Na ce ko hannunka ne ya zame wajen jan hoton. Amma hannu ba ya zamewa ya gyara "suka" ya koma "ya".

Ka faɗa mini abin da ya faru. Zan saurara.

Levi

*

Bacirawa, Kano

Ɗan'uwana Levi,

Gaisuwa da ban haƙuri. Wallahi ban so Baba Buwai ya gani a haka ba, na yi niyyar in fara yi maka bayani.

Ka san mutanen birni ba irin namu ba ne. Mu mun tashi kwano ɗaya, ku kawo mana tuwon Kirsimeti mu kai muku naman Sallah. Nan ba kowa ne zai gane wannan ba. Da na nuna wa Alhaji Abdulrashid shafin, ya ga sunayenku sai ya canza fuska, ya ce shi da wa zai yi hulɗa? Na tsaya na yi tunani: suna a kan allo, ko kasuwar mutanenmu gaba ɗaya, har da ku? Sai na zaɓi kasuwar. Kai ma da kana wurin haka za ka yi.

Abin na ɗan lokaci ne. Da zarar an ƙulla ciniki zan mayar, kai ka ce dannawa ɗaya ce. Ka lallashi Baba, ka ce masa ɗansa Uwais bai manta da shi ba.

Naka, Uwais

*

Watari, ranar Juma'a

Zuwa ga ɗana Uwaisu,

Assalamu alaikum. Ni ce mahaifiyarka, ƙanwarka Firdausi ce take rubuta mini, kuma na ce kada ta rage ko kalma. Muna lafiya, sai dai kunya.

Shekaranjiya Alhajin nan naka ya zo Watari ganin gonaki. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gidanmu, tunda gidan Kassimu ne. Ina daga zaure ina ji. Ko ruwa bai sha ba ya ce, "Ina Buwai? Yana raye kuwa?" Ashe tun yana yaron mota yake ɗaukar kaya a gonar Buwai. Aka kira shi, suka rungumi juna. Alhaji ya ce, "Na duba shafinku na ga Kassimu shi kaɗai, na ɗauka ka rasu ne aka manta da kai." Levi yana tsaye. Ya ce, "Alhaji, dama ba ka taɓa ganin sunansa a ciki ba?" Ya ce ina fa, shi yadda aka nuna masa ke nan.

Ban san intanet ba, amma na san ƙarya in na ji ta.

Jiya kuma sai ga takardu an manna a kantin Kamaruddeen da bakin masallaci, da hotonka da na babanka, an rubuta wai a zaɓi ɗan wanda ya kafa ƙungiya. Firdausi ta karanta mini. Yaushe ka fito takara ban sani ba?

Bari in tuna maka. Ranar da babanka ya rasu, Buwai ne ya fara sa diga a kabarin, ya yi haƙa har tafinsa ya fashe, sannan ya koma gefe ya tsaya aka yi sallah. Daminar da ta biyo baya shi da Shago suka nome mana gona, kana makaranta a Bagwai. Da safen nan ya wuce ya gaishe ni kamar kullum, na kasa ɗaga kai.

Kada ka ƙara aiko mini da komai. Ka gyara abin da ka ɓata. Allah ya shirye ka.

Mahaifiyarka, Kaltume

*

Bacirawa, Kano

Levi,

Ina gaisuwa, ko da ba za ka amsa ba. Yanzu kai ne ba ka ɗaukar waya.

To, gaskiya ne, Alhaji bai ce komai a kan sunayenku ba. Na faɗi haka ne don na san gaskiyar za ta fi yi maka ciwo. Matasa ne suka same ni suka ce in fito. Ka san Shago mutumin kirki ne, amma bai taɓa zama da dillali ba, za a cinye shi a tsaye. Ni na san kasuwa. Sai dai in an ce iyayenmu biyu suka kafa, shi babba ne, ni yaro, an gama magana. Dole in sami abin da zan tsaya a kai.

Kuma ka duba, mutum nawa ne a Watari suke buɗe shafin nan? Kowa ya san abin da Baba Buwai ya yi, allo ba zai goge shi ba. Kun ɗauki abu ƙarami kun kai shi har gaban Inna.

Ka ba ni zuwa bayan zaɓe. Na san kana iya mayarwa yau, ko ka canza kalmar sirri ka rufe ni waje. Ina roƙonka don zumuncin da ke tsakaninmu, kada ka yi.

Uwais

*

Watari

Uwais,

Na ga takardarka. Muna lafiya.

Gaskiya ne, ina iya mayarwa. Na ma buɗe kwamfutar, na ɗauko cikakken hoton na ajiye a gurbinsa, saura in danna wallafawa. Yaya Shago yana tsaye a kaina yana cewa in cire na babanka gaba ɗaya, kai ma ka ji yadda ake ji. Sai Baba ya shigo ya tambayi abin da muke yi. Da na faɗa masa ya ce, "Rufe. Kassimu bai yi mini komai ba. Kuma ba kai ka cire ni ba, ba kai za ka mayar da ni ba." Na rufe.

Ka ce ba mai buɗe shafin. Takardun da ka manna fa, daga ina aka ɗauko hoton? Yanzu yara suna tambayar Loveth wai da gaske babansu leburan Malam Kassimu ne?

Ni na koya maka inda ake dannawa. Wannan ne yake ci na.

Ba zan rufe ka waje ba. Ka yi zaɓenka.

Levi

*

Watari, bayan zaɓe

Ɗan'uwana Levi,

Gaisuwa. Ina cikin gari tun jiya, amma na kasa tako ƙofarku, shi ya sa na ba Firdausi ta kawo. Ka ji yadda ta kasance, Allah ya ba ni nasara. Na je in gaida Shago bai fito ba.

Na cika alkawari. Ka buɗe ka gani, hoton ya dawo cikakke, "suka kafa" ya dawo, sunanka ma na ƙara masa girma. Don Allah ka nuna wa Baba, ka ce ina neman izinin zuwa gaishe shi.

Naka, Uwais

*

Shugaba,

Ina taya ka murna. Na buɗe na gani. Sunana na cire da hannuna, shafin naka ne yanzu.

Na kai wa Baba wayar, ya ce ba sai ya duba ba. Ya ce ƙofarsa a buɗe take ga ɗan Kassimu, ka zo duk lokacin da ka so. Abu ɗaya ya ce in tambaye ka: in wani zaɓen ya zo, za a bar shi a ciki ne, ko zai sake fita? Yana so ya sani da wuri, don kada ya kira mutane kallo.

Ka huta lafiya.
Levi Buwai