Na Koma Cikin Motata

Barking, London

Yaya Maje,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Zinatu da yara. Yaya ƙafar Inna?

Ni lafiya ƙalau, kada ka damu. Mai gidan da nake haya ya sayar da flat ɗin, sai na koma cikin a-kori-kurata. Na ɗora mata ɗan ɗaki a baya, irin wanda Turawa ke tafiya hutu da shi. Akwai gado, akwai risho. Sanyi ne kawai, shi ma ana sabawa.

Nauyin ɗakin ya fi ƙarfin shakazobar baya, duk kwanar da na sha sai motar ta yi tangaɗi. Ranar Asabar na sayo manya masu ɗaukar nauyi, na ɗaga ta da jak, na shiga ƙarƙashi. Wani noti ya ƙi kwancuwa. Sai na miƙa hannu waje na ce, "Yaya, sufana," kamar muna garejinka. Wata tsohuwar Baturiya mai wucewa ta tsaya ta ce, "You alright, love?" Na manta rabon da wani ya tambaye ni haka.

Yanzu motar ta miƙe tsaf, da ka gani sai ka yaba. Sai dai ban san wurin wa zan je da ita ba.

Don Allah ka ce wa Inna gida kawai na sake. Ka kira ni ranar Juma'a, ko ba ka da labari.

Ƙaninka,
Almu