Jan Ɗigo a Kan Noti

Sinnuris, 9 ga Rajab

Yaya Nagat,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da 'yarki Wafa da mijinta da yaran. Ya ƙarin haƙuri? Ya ciwon gwiwar nan? An ce sanyin Iskandariyya ba ya raga wa tsofaffi, don haka ki daina taurin kai ki riƙa sa safa.

Wasiƙarki ta iso ni ta hannun direban motar Alhamis. Kin ce in daina kiranki a waya tunda ba kya jin komai sai ihuna, in rubuto. To ga shi na rubuto, da hannun da ya fi sanin sifana a kan biro. Na so in buɗe da Ummu Tamir kamar yadda muka saba kiranki shekara ashirin da bakwai, hannuna ya ƙi.

Matar Tamir, Shaima, tana nan gidan mahaifinta tun bayan addu'ar arba'in. Na kai musu agwagwa da shinkafa ranar Juma'a. 'Yar Tamir ta fara rarrafe, goshinta irin na ubanta sak, har da yadda yake haɗe gira in an hana shi abu.

Game da maganar da kika ɗora mini. Gaskiya ne kamfanin da ya ƙera babur ɗin Tamir ya amsa cewa ƙarfen da ke riƙe birkin gaba da notinsa biyu suna da aibi tun daga masana'anta. Gaskiya ne kuma sun ce za su biya diyya ga iyalan da abin ya shafa. Sai dai lauyan da ya yi miki bayanin bai gaya miki sharaɗin ba. Kowane noti suna ɗiga masa jan fenti kafin ya bar hannunsu. In an ɗora masa sifana, fentin ya tsage, garanti ya mutu. Za su turo mai bincike ya duba ɗigon nan, in ya same shi lafiya su biya, in ya tsage su ce ba su san zancen ba. Kin ce ni ne bakanike a gidanmu, ni ne kawunsa, ni zan tsaya. Na ji.

Babur ɗin yana bayan shago, a ƙarƙashin tamfol, yadda mutanen da suka ɗauko shi daga bakin kwata suka ajiye. Ban buɗe ba. Kada ki tambaye ni dalili yanzu.

Yaya, akwai abin da ban gaya wa kowa ba, don kada a ce Usta Sabri ya fara taɓuwa. Kin san kullum in Tamir ya gama tattaro madara daga ƙauyuka sai ya tsaya a nan ya sha shayi, ya ci mini rabin waken karin kumallona, yana cewa Kawu ka tsufa, wake ba ya yi maka. Har yau, da hantsi, ina jin ƙarar babur ɗinsa. Na san muryar kowane inji a garin nan kamar yadda kika san tarin 'ya'yanki. Yana tahowa daga wajen gada, ya rage gudu daidai shagon mai gurasa, garewanin madarar suna karo da juna. Sai in ɗago. Jiya na tarar na zuba shayi kofi biyu.

Abu ɗaya kuma yana ci mini rai. Ran da hatsarin ya faru, babu garwa ko ɗaya a bayansa, kuma a hanyar birnin Fayyum yake, ba hanyar ƙauyuka ba. Me ya kai shi can da sassafe? Na tambayi Shaima, ta yi ta kuka kawai, na ƙyale ta.

Ki gaishe da kowa. Allah Ya jiƙansa, Ya ba mu haƙuri.

Ƙanenki,
Sabri

Sinnuris, 23 ga Rajab

Yaya Nagat,

Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan gwiwar ta yi sauƙi, kuma zazzaɓin ƙaramin Wafa ya sauka. Na ga alawar da kika aiko, na kai wa Shaima rabi.

Kin rubuto kina faɗa, wai wasiƙata ta yi ta zagaye kamar jakin injin ban ruwa, kika tambaye ni kai tsaye ko na taɓa babur ɗin yaron. Tun muna yara ba na iya ɓoye miki abu ya kwana biyu. Na taɓa.

Ke ma kin san yadda muke yi a nan. Waye zai sayi sabon babur ya hau shi haka nan? A kwali yake zuwa, yaran dila su harhaɗa goma a yini, rabin notin da hannu ma kike iya juya su. Kowa daga wajen dila sai ya turo shi wajen bakanikensa a yi masa ɗauri, a bi shi noti bayan noti daga gaba har baya. Haka na koya wajen ubangidana, haka na yi wa mutum ya fi ɗari, kuma ba wanda ya taɓa damuwa da wani jan ɗigo. Garanti a wajenmu takarda ce da ake sawa a ƙarƙashin katifa. Ran da Tamir ya sayo nasa, kina Umra. Ya turo shi ƙofar shagona ledar kujera ma bai cire ba, yana washe baki. Na yini a kansa. Da na zo kan notin birki na ji fentin ya tsage a ƙarƙashin sifana, na ƙara masa rabin juyi don ɗan 'yar'uwata ne, na fi son nasa ya fi na kowa ƙarfi. Ya yanka zakara, muka ci.

Don haka na san abin da mai bincike zai tarar, shi ya sa na kasa ɗaga tamfol ɗin. Da hannuna na kashe garantin, da hannuna na hana marainiyar nan haƙƙinta.

Tun bayan rasuwar nake bin masu irin babur ɗin waɗanda na yi wa ɗauri, su goma sha ɗaya, ina canza musu ƙarfen. Dila ya ƙi yi musu kyauta saboda fentin. Na asali fam dubu biyu da ɗari uku ne, ƙarfe bai kai tafin hannu ba da noti biyu! Jabu yana nan a kasuwa fam ɗari huɗu, amma in na sake sa wa ɗan wani abin da ban yarda da shi ba Allah Ya karya hannun. Na sayar da injin walda na sayo musu na asalin. Wani mai kiwon tantabara har ya yi mini tsiya, wai Usta ya shiga ɗariƙa ne, gyara kyauta? Na ce masa ya rufe baki ya riƙe mini taya.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu. Takarda ta zo cewa mai binciken zai zo ran Alhamis ta sama. Shekaranjiya bayan Azahar na yi ta maza na ɗaga tamfol. Tayar gaba ta lanƙwashe, ƙarfen birkin ya karye ya shige tsakanin wayoyinta, kamar yadda aka faɗa. Na durƙusa na goge laka da bakin rigata.

Yaya, ɗigon suna nan. Duka biyun. Ja wur, a zagaye, babu tsaga ko ta gashi ɗaya.

Na goge idona na sake dubawa. Na bi sauran notin, kowanne da ɗigonsa lafiya lau, kamar yau aka fito da shi daga kwali. Wallahi na ji fentin nan ya tsage, har yau ina jin sa a tafin hannuna. Makullin bayan shago ɗaya ne, yana wuyana. Na zauna a ƙasa har aka kira La'asar. Ni ba mai tsoro ba ne, kin sani, ni na wanke gawar Baba. Amma tun ranar ba na iya juya wa tamfol ɗin nan baya.

Ki yi mini addu'a. Ki gaishe da Wafa.

Ƙanenki,
Sabri

Sinnuris, 4 ga Sha'aban

Yaya Nagat,

Sallama da gaisuwa, da fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ki karanta ta ke kaɗai, a zaune. Kada ki ba Wafa ta karanta miki.

Mai binciken ya zo. Yaro ne mai tabarau, mai ladabi, ya ƙi shan shayi. Ya durƙusa ya ɗauki hoton kowane noti, ya rubuta, ya miƙe. Bai tambaye ni komai ba. Sai ma ya dafa kafaɗata ya ce: "Allah Ya jiƙansa, Usta. Yaron kirki ne mai bin doka, bai bar masu sifanar ƙauye sun jagwalgwala shi ba. Da duk haka suke da mun huta." Na tsaya da baƙin mai har gwiwar hannu, na ce amin. Na bar shi ya tafi a haka.

Da ya tafi na nufi wajen Shaima in gaya mata an dace. Tana tsinke ganyen lalo a tsakar gida. Na ce mata ɗigon sun fito lafiya, ban san ta yaya ba. Ta ajiye faranti ta shiga ɗaki, ta fito da ƙaramar kwalbar jan farce, ta kayan aurenta, ta ajiye mini a hannu.

Ta ce kwana ɗaya kafin rasuwar, da yamma, ya shigo da babur ɗin har tsakar gida, ya kankare tsohon fentin da reza, ya zauna yana ɗiga wa kowane noti jan farcenta da tsinken ashana. Tana ta yi masa dariya, wai babur ɗin ma amarya ce yau. Ya ce mata gobe ba zai je madara ba, zai koma wajen dila a birni, ko Allah zai sa ya faɗa hannun wani ma'aikacin daban su canza masa ƙarfen kyauta, don birkin yana yi masa wata ƙara da ba ta kwanta masa ba. Ya kuma ja mata kunne: "Kada Kawu ya ji. In ya san ban yarda da maganarsa ba zai ji ciwo."

Maganar tawa ita ce abin da na ɓoye miki a wasiƙu biyu.

Sati uku kafin ya rasu, Tamir ya zo shago da takardar kamfanin a hannu, wadda suka ce masu irin babur ɗin su kai a canza musu ƙarfen birki. Ya riga ya je wajen dila, sun ga fentin a tsage sun kore shi, sun ce in yana so ya biya dubu biyu da ɗari uku. Ba shi da su, haihuwa ta cinye. Ya tambaye ni yadda zai yi. Ni kuwa raina ya ɓaci, na ji kamar aikina suke zagi. Na karɓi takardar na goge hannuna da ita. Na ce masa ɓarayi ne, so suke su sayar da ƙarfe da farashin zinariya. Na ce: "Notin da na ɗaure da hannuna ba ya kwancewa. Hau abinka, a wuyana." Ko durƙusawa ban yi na duba ba, Yaya. Ga babur ɗin a gabana, taku biyu. A ranar ina da abin da zan saya masa ƙarfen a aljihuna. Bai roƙe ni ba, ni kuma girman kai bai bar ni na yi tayi ba. Ya yi dariya ya ce to Kawu, ya shanye shayinsa ya tafi.

Notin bai kwance ba, a nan na yi gaskiya. Ƙarfen ne ya karye. Amalanken ciyawa ya fito masa, ya kama birki, ƙarfen ya ɓalle. Ko aibin kamfanin ne kaɗai, ko rabin juyin da na ƙara ya taimaka, Allah ne Ya sani, kuma zan ji amsar a ranar da ba a ɓoye komai.

Takardar diyyar tana cikin ambulan ɗin nan. Shaima ta ce ba za ta sa hannu ba sai kin fara, duk abin da kika yanke shi ne. Na juya maganar har na gaji. Ƙarfensu mai aibi ne, su suka faɗa da bakinsu. Amma ɗigon na ƙarya ne, kuma ni na yi shiru a kansa. Ba zan ce miki ki sa ko kada ki sa ba. Na ba mutum ɗaya shawara a gidanki, kin ga inda ta kai shi. In kin yaga ta, shagon nan da abin da ke cikinsa na yarinyar ne, na riga na faɗa a gaban liman da mutum biyu. In kin sa hannu ma nata ne.

Har yanzu ina jin babur ɗin da hantsi. Da can yana rage gudu a wajen mai gurasa. Tun ran da Shaima ta ba ni kwalbar nan ya daina tsayawa, wucewa yake ya miƙe hanyar birni.

Ba na roƙon ki yafe mini yanzu. Abu ɗaya kawai nake roƙo: motar Alhamis in ta dawo, kada ta zo hannu wofi. Ko zagi ne ki rubuto, ko layi ɗaya. Zan tsaya a tasha tun safe.

Allah Ya jiƙan Tamir, Ya raya abin da ya bari.

Ƙanenki, in har kin bar mini sunan,
Sabri